Dogaye Biyu, Gajere Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Thurman Gaskill ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan nan namu na gabashin Carolina ta Arewa, kuma a duk shekarun nan babu karen da ya taɓa ganinsa ya yi murna. Sau uku ana cizonsa, biyu a ƙwauri, ɗaya a wurin da bai cika son faɗa ba. Shi ya sa ranar da yayarsa Vernice ta ji cewa ya je gidan ajiye dabbobin tsintuwa ya ɗauko karya, sai ta sauke tukunya, ta shiga mota ta zo ta gane wa idonta.

Ta same shi tsugune a tsakar gida yana leƙen ƙarƙashin baranda, da kwano a hannu.

"Kai Thurman, tsufa ne ya fara taɓa maka kai? Kai da kare?"

"Gadi za ta riƙa yi min, Yaya."

"Gadi? To ina mai gadin?"

"Tana ciki."

Vernice ta dafa gwiwa ta leƙa. Idanu biyu ta gani can ƙurya, da dogayen kunnuwa, da haƙarƙari a jere kamar matakalar tsani. Ta miƙe tana kaɗa kai.

"Wannan in ɓarawo ya zo, kai za ka yi gadinta."

Ƙarya ya yi mata game da gadin, ita ma ta sani. Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa Lorene, kuma tun lokacin babu wanda yake yi wa magana a gidan sai rediyo. Mutum ne da ya saba a jira shi. Tsofaffi nawa ne suke tsayawa bakin hanya da safe don kawai su ga motarsa ta ɓullo? Da ya yi ritaya wannan ya wuce, da Lorene ta tafi sauran ma ya wuce. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ya buɗe ƙofar gidansa, wani abu mai rai ya ji daɗin dawowarsa.

Karyar irin ta farautar barewa ce, fara da dabbare-dabbaren ja da baƙi. A kowane gefen cikinta an rubuta lamba goma sha huɗu da man rina gashi, manya-manya, yadda za a hango daga nesa in ta gilma a guje. Haka masu farauta da garken karnuka suke yi a nan, kowa ya sa wa nasa lamba. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne a farkon Janairu, idan an rufe farauta. A lokacin ne wasu marasa tsoron Allah suke duba garkensu su ware wanda bai yi musu aiki ba, su kwance masa abin wuya mai ɗauke da sunansu, su buɗe mota a bakin wata gona su ce masa sauka. Duk shekara muna ganinsu, suna yawo a gefen titi suna duban kowace mota. A haka aka tsinci wannan.

Matar da ke kula da gidan dabbobin ta ba shi takardu ya sa hannu, ta kuma yi masa karatun da take yi wa kowa. Kwana uku karya za ta yi tana tsoro, in ji ta, mako uku tana koyon gida, bayan wata uku kuma ta zama tasa. In abin bai yiwu ba ya dawo da ita, babu wanda zai ga laifinsa. Thurman mutumin jadawali ne. Ya zo gida ya ɗauki biro ya zagaye ranakun uku a kalandar kicin, ya raɗa wa karyar suna Opal, ya zauna jira.

Kwana uku suka wuce tana ƙarƙashin baranda. Mako uku suka wuce, ta yarda ta shigo kicin, amma a bakin ƙofa take kwanciya, hancinta a tsagar ƙasa inda iska ke shigowa. Ba ta cin abinci sai ya bar ɗakin. Ba ta haushi, ba ta ɓarna, ba ta roƙo. Ranar da wata uku suka cika ya dawo daga kasuwa, ya tsaya a waje ya yi gyaran murya kafin ya buɗe ƙofa, kamar mai zuwa zance. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta mayar ta kwantar.

Ba za a ce babu abin da ya samu ba. Da zafi ya shigo ta fara barinsa ya cire mata kaska a kunne. Haƙarƙarin ya rufe. Gashinta ya zube sabo ya fito, lambar ta dusashe har ta ɓace. Kullum da yamma yana ɗaura mata igiya su zaga gonar gyaɗar da ke bayan gidan, yana ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona, ita kuwa tana tafe a gefensa da ladabi, irin na baƙon da ba ya son a ce ya cika damuwa. Sunan ne dai ta yi wa kunnen uwar shegu. Ya ce Opal da taushi, ya ce da tsawa, ya ce da guntun nama a hannu, ko kunne ba ta kaɗawa.

Vernice kuwa duk Lahadi bayan coci sai ta biyo da burodin masara da ganye, da tsiyarta.

"Ina kwana, mai gida. Hajiyar gidan ta fara gaishe ka kuwa?"

"Tana zuwa a hankali."

"Wata tara fa, ƙanena. Ni a wata tara na haifi mutum guda da hannu da ƙafa. Ka mayar musu da abarsu, ka karɓo ɗan kwikwiyon da zai lashe maka fuska."

"Ba kaya ba ce da zan mayar."

"To ka zauna kana yi mata otal."

Yakan yi dariya, amma maganar tana sukarsa. Bayan ta tafi sai ya zauna ya dubi Opal, ya tambayi kansa ko dai akwai wani abu a jikinsa da karnuka ke shinshinowa, abin da ya sa duk suka ƙi shi tun yana saurayi. Tunanin banza ne, ya sani, amma wanda yake zaune shi kaɗai ba ya zaɓen tunanin da zai zo masa.

Ranar Asabar ta tsakiyar Oktoba aka buɗe farauta. Tun safe a-kori-kura suka jeru a bakin hanya, maza da hulunansu ruwan lemo suna tsaye da bindigogi, kukan karnuka yana tasowa daga fadama. Thurman ya zaci ƙarar bindiga za ta firgita ta, ta kuwa firgita ta: harbin farko ta shige ƙarƙashin tebur tana rawar jiki. Sai bayan azahar, da harbi ya lafa, ya samu ta fito tsakar gida ta kwanta a rana. Shi yana baranda yana ɓare gyaɗa.

Wajen ƙarfe uku wata jar a-kori-kura ta tsaya a kan titi daura da gidan, da kejin ƙarfe a bayanta. Lokacin tattara karnuka ne, kuma kowane mafarauci da irin kiran da ya koya wa garkensa da hon ɗin mota. Direban ya danna nasa: dogaye biyu, gajere ɗaya.

Opal ta zabura kamar an tsikare ta da wuta. Wani irin kuka ya fito daga maƙogwaronta, mai tsawo, mai daɗi, wanda Thurman bai taɓa sanin tana da shi ba. Shingen gidan ya kai ƙugun mutum, wata tara bai taɓa ganin ta ko dubi shingen ba, amma tsalle ɗaya ta yi ta haye. Kafin ya ajiye kwanon gyaɗa ta kai titi, ta dira a bayan motar, ta kutsa cikin kejin da aka bari a buɗe.

Da ya iso yana haki, ya tarar da mai motar ya sauko yana leƙa kejin. Ya san shi. Coy Harrell ne, wanda Thurman ya yi ta kai wa mahaifinsa wasiƙu tun shi Coy ɗin yana yawo ba takalmi. Yanzu ya zama ƙato, da gemu da tumbi. Opal ta turo kai ta ƙofar kejin tana lasar hannunsa, jelarta tana dukan ƙarfe fat-fat-fat, duk jikinta yana kaɗawa tun daga kafaɗa.

"Baba Thurman! Kana nan da ranka? Wannan taka ce ta faɗo min mota?"

"Tawa ce."

Coy ya kama kunnenta ya juya kanta, ya duba wani tabo a haɓarta. Sai ya kwashe da dariya.

"Kai! Wallahi Sha-huɗu ce. Ke, ashe kina nan? Dubi yadda ta yi ƙiba, kamar matar fasto."

Takardun suna cikin aljihun tebur, da hatimi da sa hannu, amma Thurman yana kallon yadda take manne wa mutumin nan ya san takarda ba ta da abin cewa a nan. Ya yi ta maza ya daidaita murya.

"Mene ne sunanta a wurinka?"

"Ga shi na faɗa maka. Sha-huɗu."

"A gefen titi aka tsince ta, Coy. Cikin sanyin Janairu."

"Ɓacewa ta yi, Baba."

"Ta ɓace, ta kuma sa hannu ta kwance wa kanta abin wuya?"

Coy ya sosa ƙeya ya dubi gefe. Ya tofar da yawu.

"To Baba, gaskiya ɗaya ce. Ba ta farauta. Da an yi harbi ɗaya sai ka waiga ka gan ta a mota tana jiranka. Shekara biyu ina fama da ita. Ni karnuka ashirin gare ni, ba gidan marayu na buɗe ba."

"In ka ce za ka tafi da ita, sai dai mu je gaban hukuma."

"In tafi da ita?" Coy ya dube shi da mamaki na gaske. "In yi me da ita?"

Thurman ya zo da shirin faɗa, sai ya rasa inda zai sa shi. Da Coy ya ce tasa ce, da ya fi masa sauƙi. Amma a ce abin da ya yi wata tara yana bara a ba shi, ga shi ana zubawa a gaban wanda ko kallo bai ishe shi ba, wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya kasa gane ko don kansa yake jin ciwon ko don ita.

Coy ya sa hannu ya jawo ta daga kejin. Ta turje da ƙafafu huɗu, ya fizgo ta ya dire ta a ƙasa, ya miƙa wa Thurman abin wuyanta.

"Riƙe ta da kyau, Baba. Ina da sauran shida a daji. A gaida Anti Vernice."

Motar ta tashi. Thurman ya riƙe da hannu biyu, amma karyar ta murmure ta yi ƙarfi, kuma shi da tausayinsa bai taɓa ɗaure mata abin wuyan da ƙarfi ba. Ta ja baya, ta sunkuyar da kai, ta zame. Ya tsaya da zoben fata a hannu yana kallonta tana bin jar motar, har motar ta karya kwana ta shiga hanyar ƙasa da ta nufi fadama, ita ma ta karya.

Ya ɗauko tasa tsohuwar a-kori-kurar ya bi sawu. Hanyoyin fadamar nan ya san su kamar tafin hannunsa, amma sun rarrabu gida goma, kuma Coy ya riga ya yi nisa. Ya riƙa tafiya kaɗan yana tsayawa, ya sauko ya haɗa hannu a baki. "Opal! Opal!" Har muryarsa ta dishe. Ya haɗu da mafarauta biyu, ya tambaye su ko sun ga farar karya. "Lamba nawa?" suka ce. Ya ce ba ta da lamba. Suka kaɗa kai.

Rana ta fara yin ja. Jefi-jefi ana jin harbi, na masu son cika rana. Daga gabas kuma, in iska ta juyo, yana jin gurnanin manyan motocin katako a kan babbar hanya, wadda ba ta fi mil biyu ba. Karen da ke neman mota, titi yake nufa. Ya kashe injin a bakin wata gonar auduga da aka girbe, ya ciro waya ya kira Vernice, don ba shi da wani da zai kira. Ya ba ta labari a tsittsinke.

"To ba ka ce da hon ya kira ta ba?" in ji ta.

"E."

"Ka ji yadda ya yi?"

"Na ji."

"To motarka ba ta da hon ne?"

Tun yana hanya tunanin ya zo masa, ya kore shi.

"Yaya, ba zan kira ta da bakin wannan ɗan banzan ba. In ta zo, ba ni ta zo wa ba. Kuma zan yi mata ƙarya ke nan. Za ta taho da gudu tana zaton shi ne."

"Thurman."

"Ina da sunan da na sa mata."

"Sunan da ka yi awa biyu kana kwarara wa itatuwa?" Ta ja numfashi, muryarta ta sauko, irin yadda take yi masa magana suna yara in ya faɗi ya ji ciwo. "Ƙanena, ni ban taɓa son karyar nan ba, ka sani. Amma faɗa min: so kake ta zo don kai, ko so kake ta zo da ranta? Ɗaya za ka samu yau."

Ya kashe wayar. Ya zauna hannunsa a kan sitiyari, yana jin kunya kamar mai shirin saka rigar wani ya shiga taro. Wata motar katako ta yi gurnani can nesa. Ya danna. Dogaye biyu, gajere ɗaya.

Muryar hon ɗinsa ba irin ta Coy ba ce, tasa siririya ce, ta tsufa. Ya jira. Babu komai sai tsuntsaye da suka tashi daga gonar. Ya sake dannawa, ya ja dogayen sosai yadda ya ji an yi. Ya sake na uku.

Kukan ya fara ji, can cikin itatuwa, yana matsowa. Sai ga ta ta ɓullo daga ƙarshen gonar, baƙi ƙirin da laka har wuya, tana ɗingishi da ɗaya ƙafarta ta gaba amma tana gudu ba ji ba gani, kunnuwa suna tashi. Thurman ya sauko ya tsaya a gefen motar. Sau ɗaya a rayuwarsa ya ga yadda abin yake, kare ya taho wurinsa da dukan zuciyarsa, kuma ya san ba nasa ba ne.

Saura taku goma ta ci birki. Ta dubi motar, ta dube shi. Jelar ta rage kaɗawa, ta rage, ta sauka. Ta zagaya baya ta ɗora ƙafafu a kan motar ta leƙa: babu keji, sai tayar safaya da tsohon shebur. Ta sauko ta tsaya tsakiyar hanya tana duban gabas, ta juyo tana duban yamma, ƙirjinta yana sama yana ƙasa.

Bai matsa ba, bai kai hannu ba. Da ya yi yunƙurin kamawa da ta zille, wannan kam ya koya.

"Ni ne," ya ce. "Ki yi haƙuri, na yi miki ƙarya. Ba zai zo ba, 'yar nan. Ba ya nemanki. Na san ba ni kike so ba. Amma ni ne na zo."

Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, ta gefen mai zaman banza, ya bar ta a buɗe. Ya koma ya shiga mazauninsa ya rufe tasa ƙofar, ya ɗora hannu a cinya, ya dubi gabansa. Bai san ko minti nawa aka yi ba. Ta madubi yana ganinta tsaye inda take, fuskarta a hanya. Ya yi wa kansa alkawari in ta juya ta tafi zai bi ta, gobe ma ya bi ta, ya yi ta danna kiran wani har ƙarshen farauta in haka ta kama.

Motar ta ɗan girgiza. Ƙafafun gaba ne a kan matakala. Ta tsaya a haka, rabi ciki rabi waje, tana shinshina kujerar. Sannan ta yunƙura ta hau, ta zauna ta ba shi baya, hancinta a gilashi. Ya miƙa hannu a hankali ta bayanta ya jawo ƙofar.

Ya tuƙa sannu-sannu saboda ramuka. Warin laka da na fadama ya cika motar. Ba ta dube shi ba. Da suka zo inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta ya karya kwana, nauyinta ya rinjayo gefensa, jiƙaƙƙen bayanta ya jingina da kafaɗarsa, da ɗumi, yana jin bugun zuciyarta ta cikin riga. Kwana ce ta kawo ta, ya sani. Hanya ta miƙe. Ba ta ɗaga ba.

Gidansa yana hannun dama, ga shinge, ga kwanon gyaɗa a kife a baranda. In ya taka birki za ta gyara zama. Thurman ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, bai motsa kafaɗar ba, ya wuce ƙofar gidan ya ci gaba da tafiya.